Gasasshen dankalin turawa da khal: a ruwan tafashe ake zubawa ko sai an sauke?

Maman_Ilham:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina da baƙi ranar Asabar, dangin maigida ne, kuma gasasshiyar kaza zan yi musu. Maimakon soyayyen dankalin da kowa ya saba, ina so in gasa shi a obin da khal, wato binega, da ganyayen ƙamshi, ya zama mahaɗin kazar. To ga inda na tsaya. Wata ta ce min a ruwan tafashe ake zuba khal ɗin, wata kuma ta rantse sai an fito da shi daga wuta ake yayyafawa. Wanne ne daidai? Kuma wane ganye ya fi shiga da shi? Ni dai so nake waje ya yi ƙaras-ƙaras, ciki ya yi luguf, tsamin ya fito amma kada ya hana mutum ci.

Zuby_Kaduna:
Wa alaikumus salam. Sai kin sauke, 'yar uwa. Zafin obin korar tsamin khal yake yi, in kika zuba tun farko warinsa kawai zai cika miki kicin, a baki kuwa shiru. Ni da na jawo tire, tun yana huci, nake yayyafa cokali ɗaya in jujjuya.

Baffa_Gwale:
Khal a dankali kuma? Allah ya nuna mana zamani. Mu dai yajin ƙuli muka sani. Maman Ilham, ki tanadi yaji a gefe saboda irinmu, kada surukai su koma gida suna ɓata fuska.

Anti_Rabi_Jos:
Zuby, in ta bi taki, ƙaras-ƙaras ɗin da take nema zai gudu kafin baƙi su gama wanke hannu. Duk abin da ka gasa ya bushe, ka zo ka jiƙa shi, ai ka mai da hannun agogo baya.

Maman Ilham, ga yadda nake yi. Kilo ɗaya na dankali, ki wanke shi tas. In sabon haƙa ne mai siririn ɓawo, ba sai kin feraye ba. Ki yanka manya gida huɗu, matsakaita gida biyu, ki yi ƙoƙari girmansu ya zo ɗaya don su nuna tare. Ki zuba a ruwan sanyi kamar lita biyu, da gishiri sosai, da farin khal cokalin cin abinci huɗu, sannan ki ɗora. Kada ki jefa shi cikin ruwan da ya riga ya tafasa, waje zai nuna ciki na nan ɗanye. In ya tafaso ki ba shi minti goma zuwa goma sha biyar, ki soka wuƙa. In ta shiga gefe amma ta ɗan tsaya a tsakiya, to ya isa.

Ki juye a gwagwa ki bar shi ya sha iska har turirin ya ɗauke, ki ga jikinsa ya yi fari-fari, ya daina sheƙin ruwa. Nan yawancin mutane ke gaggawa. Dankali mai danshi a obin turara kansa yake yi, ba gasuwa ba. Kafin nan kin sa tirenki a obin da mai cokali huɗu, ya yi zafi a digiri 220. Ki jera dankalin, gefen da aka yanka ya kalli ƙasa, kada wani ya hau kan wani. Minti 25 kada ki taɓa shi, kada ma ki yawaita buɗe ƙofa. Sannan ki juya, ki ƙara minti 20 ko fiye, gwargwadon obin ɗinki.

Maman_Ilham:
Anti Rabi, Allah ya saka da alheri. Amma tsamin yana kaiwa ciki kuwa da cokali huɗu a lita biyu?

Anti_Rabi_Jos:
Kaɗan-kaɗan. Za a ji shi can ƙasa-ƙasa, ba zai daki harshe ba. In so kike ya fito fili, ki kai rabin kofi.

Hajiya_Turai:
Ni kuwa 'ya'yana akasin wannan nake yi, kuma duk wanda ya ci sai ya tambaya. Ruwan kanwa nake ɗan ɗigawa a tafashen. Dankalin zai fito gefensa ya yi ɓurɓushi, in na tsane sai in mayar da shi tukunya in rufe in girgiza har jikinsa ya yi kamar an shafa masa kullu. Wannan ɓurɓushin shi ne ke haɗuwa da mai ya zama ɓawon nan mai ƙara a baki. Na Rabi yana fitowa sumul, kyakkyawa a faranti, ban musa ba. Amma in maganar ƙaras-ƙaras ake yi, bai kamo nawa ba.

Malam_Sani_Kimiyya:
Hajiya, Allah ya ƙara girma. Ku duka biyun kuna da gaskiya, sai dai kowa inda ta dosa daban. Ku ba ni dama in ɗan yi bayani.

Ƙwayoyin jikin dankali akwai wani sinadari da ke manne su da juna, sunansa fektin. Dafuwa ita ce narkewar wannan mannin. Tsami yana hana shi saurin narkewa, kanwa da bekin soda kuma suna gaggauta shi. Kowace mace a nan ta san wannan a tukunyar wake: a jefa kanwa ya yi laushi nan da nan, a zuba tumatir ko tsamiya tun yana ɗanye ya ƙi nuna har gawayi ya ƙare. Haka yake a dankali. Wanda aka tafasa da khal zai riƙe siffarsa, ba zai dagargaje ba, amma zai ɗauki lokaci kafin ya nuna, shi ya sa Anti Rabi ta kai minti goma sha biyar. Wanda aka tafasa da kanwa kuwa fatarsa za ta sassauta, sitacin ya fito waje.

Akwai kuma batun launi. Jan nan mai ƙamshi da gashi ke kawowa ya fi saurin zuwa in akwai kanwa, tsami kuma yana jinkirta shi. Don haka dankalin khal ya fi daɗewa yana fari a obin.

Ita ma Zuby ba ta faɗi ƙarya ba. Khal na girki kusan kashi 5 cikin 100 ne sinadarin tsami, sauran ruwa ne, kuma shi sinadarin yana tashi a digiri 118. Obin mai 220 ba zai bar na saman ba, sai wanda ya riga ya shige ciki.

Zuby_Kaduna:
Alhamdulillah, malamin makaranta ya wanke ni.

Ummu_Haidar:
To Malam, tunda kowanne da amfaninsa, me zai hana a zuba duka biyun a ruwan? Khal don tsami, kanwa don ɓawo.

Malam_Sani_Kimiyya:
Kashe juna za su yi, Ummu Haidar. Za ki ga kumfa ta taso, shi ke nan, ba tsami ba aikin kanwa. In kina son ribar duka biyun sai ki raba musu lokaci: kanwa ko bekin soda a tafashe, rabin ƙaramin cokali a lita biyu ya isa, khal kuma a ƙarshe.

Anti_Rabi_Jos:
Mun dawo kan jiƙa gasasshen abu kenan.

Zuby_Kaduna:
Anti, ba wanka zan yi masa ba fa. Cokali ɗaya ne a kan tire mai zafin gaske. Yana sauka yake tashi, sai ɗanɗanon ya rage. Kuma in na ga ya ɗan yi sanyi sai in mayar obin minti uku.

Chef_Abba_Abuja:
Bari in shigo ta ɓangaren ganye, don naga an bar shi a baya, alhali shi ne ya fi ɓata wa mutane aiki. Ganye iri biyu ne. Akwai masu tauri irin su rozmeri da tayim da oregano, waɗannan suna jure wuta. Akwai masu laushi, fasili, na'a-na'a, ɗoɗɗoya, lawashi, su kuma da zafi ya taɓa su sun yi baƙi, ƙamshin ya mutu. Masu laushi ba sa shiga obin ko kaɗan, a faranti ake barbaɗa su.

Masu taurin ma in suka yi minti 45 a digiri 220 ƙonewa suke yi su yi ɗaci, ballantana dakakkiyar tafarnuwa. Abin da muke yi a wajen aiki: a zuba man a ƙaramin kasko, a sa tafarnuwa da rozmeri da masoro a wuta kaɗan har tafarnuwar ta fara sauya launi, a tace. Man da ya ɗauki ƙamshi shi za a gasa dankalin da shi. Abin da ya rage a matacin a ajiye, in an sauke a juye a kai tare da ɗanyen fasili. Wadda ba ta son wannan dogon aikin, ta jefa tafarnuwar da rigarta ba tare da ta ɓare ba, za ta nuna a ciki ta yi zaƙi, a matse ta a kan dankalin.

Game da tambayar asali, ni duka biyun nake yi. Khal a ruwa, sannan ɗan kaɗan a ƙarshe, na kaɗa shi da man zaitun da ganye.

Maman_Ilham:
Chef, busasshen tayim na gwangwani nake da shi, ɗanyen rozmeri sai na shiga babban kanti. Zai yi?

Chef_Abba_Abuja:
Zai yi, Hajiya. Amma busasshe ya fi ɗanye ƙarfi, kashi ɗaya cikin uku na abin da za ki sa na ɗanye ya wadatar. Ki murje shi a tafin hannu kafin ki zuba. In kin murza ba ki ji ƙamshi ba, ya tsufa, ki sayi wani.

Baffa_Gwale:
Ɗoɗɗoyar da ke bayan gidanmu muke korar sauro da ita, ashe kayan gayu ce.

Abu_Fatima:
Ku gafarce ni, ba girki na zo ba. Na ji an ce shi wannan khal ɗin daga giya ake yin sa. Ya halatta a sa a abinci kuwa?

Ustaz_Nura_Zariya:
Khal a asalinsa halal ne, Abu Fatima. Ya zo a Sahihu Muslim daga Jabir ɗan Abdullahi cewa Manzon Allah (SAW) ya tambayi iyalansa mahaɗi, suka ce babu komai sai khal, ya sa aka kawo ya ci da shi yana yabonsa a matsayin mahaɗi. Malamai sun haɗu a kan cewa in giya ta juye da kanta ta zama khal, ta tsarkaka. Inda suka yi saɓani shi ne mutum ya ɗauki giya da gangan ya sarrafa ta. Wanda zuciyarsa ba ta kwanta ba ya duba jikin kwalba, ya ɗauki farin khal ko na tuffa, ya bar wanda aka rubuta na giyar inabi ne. Allah ne mafi sani.

Malam_Sani_Kimiyya:
Ƙari a kan na Ustaz, kowane khal da aka yi ta hanyar tsimawa mataki biyu yake bi. Sukarin tuffa ko rake ko dabino ya fara tsimuwa, sannan wasu ƙwayoyin halitta su mayar da abin da ya tsimu ya zama tsami. Hukuncin dai na malamai ne, ni aikin kawai na faɗa.

Admin_Hauwa:
An amfana. A dawo kan dankali don Allah, Asabar na matsowa.

Safiyya_Dutse:
Duk kuna ta digiri 220, mu da ba mu da obin fa? Ko mai shi ma, wutar ce za ta tsaya masa minti 45?

Hajiya_Turai:
'Yata, mun gasa kek tun ba a san obin a unguwarmu ba. Ki samu babbar tukunya mai kauri, ki zuba yashi mai tsabta a ƙasa, ki ɗora a kurfoti ya yi zafi sosai. Ki sa dankalin a farantin ƙarfe ki ɗora a kan yashin, ki rufe, ki zuba garwashi a kan murfin. Wutar sama ita ke kawo ja. Ki ɗan karkata murfin turiri ya samu hanya, in ba haka ba zai dinga ɗigowa a kan dankalin.

Amma mafi sauƙi, tunda an riga an tafasa, ki sa shi a kasko mai kauri da mai kaɗan, wuta matsakaiciya, ki bar kowane gefe ya yi ja kafin ki juya. Ba gashin obin ba ne, amma ba wanda zai ture farantin.

Zuby_Kaduna:
Hajiya ta tuna min. In za a tafasa da khal mai yawa irin rabin kofin Anti Rabi, a guji tukunyar dalma ta ƙira. Tsami yana cin ta, abinci ya fito da ɗanɗanon ƙarfe. A yi amfani da ta silba mai sheƙi ko mai fenti.

Dan_Bokkos:
Na karanta duka, ba wanda ya tambayi wane dankalin. Mu da muke noma shi mun san ba ɗaya ba ne. Nan Bokkos da Mangu da Barikin Ladi akwai Nicola, akwai Marabel, akwai Diamant da sauransu. Nicola mai rawayan ciki ne, jikinsa a haɗe yake, ko an daɗe ana dafa shi ba ya saurin fashewa. Irin wannan in kika ƙara masa khal mai yawa a ruwa, zai iya fitowa da ɗan tauri. Shi ne ya fi buƙatar dabarar Hajiya. Wanda kuma yake da gari, mai tsagewa tun a tukunya, shi khal zai taimaka wa ya tsaya da ƙafarsa.

A kasuwa, ko Farin Gada ko 'Yankaba, ba kowane mai tire ne zai iya gaya miki sunan irin ba. Ki dafa ƙwaya ɗaya tun ranar Juma'a ki gani. In ya tsage ya yi gari, ki bi Anti Rabi. In ya fito sumul yana sheƙi, ki bi Hajiya.

Kuma don Allah a daina sayen wanda ya yi kore. Rana ce ta dake shi, kuma inda ya yi koren nan akwai guba, gashi ba ya kashe ta. In kaɗan ne a yanke wajen da zurfi, a ƙwaƙule tsiron. In ya yi yawa ko yana ɗaci a zubar.

Anti_Rabi_Jos:
Wannan gaskiya ne, ɗan uwa. Ni na fi samun mai garin, wataƙila shi ya sa hanyata ke yi min daidai. Amma ban janye ba.

Ummu_Haidar:
Ni a firij nake ajiye nawa don kada ya yi tsiro.

Dan_Bokkos:
Ki fitar da shi, Hajiya. Sanyin firij yana mayar da sitacinsa sukari, in kika gasa zai yi baƙi da wuri tun ciki bai nuna ba, ga wani zaƙi-zaƙi. Wuri mai duhu da iska a kwando, nesa da albasa.

Jamila_Leeds:
Mu nan Ingila khal da dankali tsofaffin abokai ne. Duk shagon da ake sayar da soyayyen kifi da dankali, gishiri da khal za a fara tambayarka, kuma a kan mai zafin ake zazzaga shi, wani khal mai launin ruwan ƙasa da ake yi da sha'ir. Dankalin yana yin laushi a cikin takarda, kuma su haka suke so. Amma gasasshen dankalinsu na ranar Lahadi ba sa sa masa khal. Tafasawa suke yi su girgiza kamar yadda Hajiya Turai ta ce, su gasa da kitsen agwagwa ko na saniya, da irin da ake kira Maris Piper ko King Edward, masu gari.

Wanda ya fi kusa da abin da Maman Ilham ke so shi ne na Girkawa. Su ruwan lemun tsami suke sa wa, da oregano da tafarnuwa da man zaitun da ɗan romo, duka a tire ɗaya. Dankalin ya shanye ruwan a obin, in ya ƙafe sai man ya fara gasa shi. Tsami har tsakiya, sai dai gefuna kawai ke yin ƙaras.

Baffa_Gwale:
Kitsen agwagwa? To ai mu ma muna da kakiden layya a roba. Yanzu na fara fahimtar zancen.

Chef_Abba_Abuja:
Baffa, ba wasa ba, kakide yana yi sosai, ya ma fi man gyaɗa ba da ɓawo. Sai dai a ci shi da zafi, in ya huce yana daskarewa a dasashi. Tsamin khal kuma yana yanke maiƙonsa. Man shanu ne ban ba da shawara ba sai wanda aka soya aka tace, ɗanyen ƙonewa yake yi.

Hadiza_Damagaram:
Gaisuwa daga Nijar. Mu nan dankalin Agadas muke samu, na lambunan tsaunukan Ayar. Abin da muke yi, a kaɗa khal da mai da mustad da yankakkiyar albasa da fasili a kwano, kamar za a haɗa salak, a ajiye a gefen faranti. Kowa ya ɗiba ya zuba gwargwadon bakinsa. Tunda baƙi ne, kuma ba ki san cikin kowa ba, wannan zai fitar da ke.

Nas_Maryam:
Ina goyon bayan Hadiza. A cikin dangi da wuya a rasa mai olsa ko mai ƙwannafi, kuma tsami yana tayar wa wasunsu. Sannan a duba ƙarfin khal ɗin a jikin kwalba. Na girki kashi 4 zuwa 6 ne. Akwai wani mai kashi 25 da ake sayarwa a Jamus, wanda sai an sirka shi da ruwa, in wani ya kawo tsaraba kada a auna shi da cokalin Anti Rabi.

Safiyya_Dutse:
Dankalin Hausa fa, zai karɓi khal?

Zuby_Kaduna:
Yana karɓa, zaƙi da tsami suna tafiya. Amma ba ya yin ƙaras irin na turawa, kuma sukarinsa na sa shi saurin ƙonewa. Ki rage wuta zuwa 200, ba sai kin tafasa ba, khal a ƙarshe da ɗan barkono.

Maman_Ilham:
Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Zan dafa ƙwaya ɗaya ranar Juma'a kamar yadda Ɗan Bokkos ya ce. Man tafarnuwa na Chef zan yi, haɗin Hadiza kuma a kwano a gefe, da yajin Baffa. Saura tambaya ɗaya: kazar ma obin za ta shiga, kuma ɗaya gare ni. In jera dankalin a ƙarƙashinta ya sha romo, ko in raba?

Hajiya_Turai:
A ƙarƙashinta mana. Wannan romon ai shi ne daɗin.

Chef_Abba_Abuja:
Hajiya, a yi min afuwa, zai yi daɗi amma ƙaras ɗin ya tafi, ruwan kaza zai jiƙa shi. Maman Ilham, ki tafasa dankalin da safe ki baza shi a tire ya bushe. Ki gasa kazar, ki fito da ita ki rufe ta huta, ki ƙara wuta, ki kwashi man da ya taso a saman romon ki haɗa da na tafarnuwar, sannan dankalin ya shiga.

Anti_Rabi_Jos:
Kazar za ta jira minti 45 kenan, ta huce. Ni tire biyu zan sa, dankali a sama kaza a ƙasa.

Zuby_Kaduna:
Turirin kazar fa, Anti? Ba ke kika ce danshi ne abokin gaba ba?

Anti_Rabi_Jos:
Obin ɗina mai fanka ne. Maman Ilham, naki yana da fanka?